Ƙarfen Ƙafar Hagu

Akwai maganar da na san kuna yi in na tashi daga falo, kuma tun da na zauna rubuta muku rayuwata, ban ga amfanin tsallake ta ba. Kuna cewa ni na raba ƙanwarku Rabi da wasan ƙanƙara. Kai Sani ka ce surutun mutanen masallaci ne ya ci ni. Ke Hadiza kin ce taurin kai ne irin na maƙera. Uwarku ba ta cewa komai, tsaki take ja ta shige kicin, kuma nata ya fi naku ciwo. To ku ji daga bakin mai shi. Na ɗauki biro da niyyar wanke kaina, amma yau kwana uku ke nan ina juya maganar, kuma ban tabbata zan fito da tsabta ba.

Sai kun san gidan da na fito kafin ku gane abin da na yi. A Tasawa, bayan kasuwa, rumfar ƙirarmu take, a can na tashi kan zuga-zugi. Kakanku, Allah ya ji ƙansa, ba ya barin ƙarfe ya bar rumfarsa sai ya ji muryarsa. In ya gama hauya ko gatari ko lauje, sai ya rataye shi da zare, ya ce kowa ya yi shiru, ya ɗan buga shi da ƙusa. Lafiyayyen ƙarfe kukansa dogo ne, yana tafiya yana sirancewa har ya ɓace. Wanda ke da tsaga a ciki, inda ido ba ya kaiwa, kukansa gajere ne, yana farawa sai ya yanke. Irin wannan kakanku ba ya ajiye shi gefe, don ya ce abin da aka ajiye gefe wata rana wani zai ɗauka ya sayar. Nan take yake ɗora shi kan uwar maƙera ya karya, ko da mai kayan na tsaye yana jira. Sannan ya nuna mana bakin karayar. Inda ya yi fari sabuwar karaya ce, ta guduma. Inda ya yi baƙi kuwa tsohuwar cuta ce da ke kwance a ciki tun daga wuta.

"Gatarin da zai fita ya sare ƙafar mutum," in ji shi, "gara ya mutu a hannuna."

Da na zo New York ban yi zaton zan sake taɓa sana'ar gidanmu ba. Shekaru na yi ina kafa tabur na sayar da kaya a titi, huluna da safar hannu lokacin sanyi, tabarau lokacin zafi. Wani sanyi na kafa a bakin wani filin ƙanƙara, irin rufaffen nan da yara ke shiga suna zamiya da takalma masu ƙarfe a ƙasa. Tsallaken titi akwai ɗan shago, kuma kullum ina hango tartsatsin wuta ta gilashinsa. Warin ƙarfe da dutse ne ya ja ni har na tsallaka. Mai shagon wani tsohon Bature ne, Walta, ɗan ƙaramin mutum mai faɗa kamar zakara. Sunana Isuhu ya fi ƙarfin bakinsa, sai ya sa min Jo. Ya ga yadda nake kallon injin washi, ya miƙo min wani tsohon ƙarfe ya ce in gwada. Ni kuwa na zage na wasa shi kamar wuƙar mahauci, kaifi ɗaya mai aske gashi, ina jiran yabo. Ya yi dariya har da tari. Ranar na koyi cewa ƙarfen takalmin ƙanƙara kaifi biyu gare shi, da ɗan kwari a tsakani, kuma dole kaifin su zo daidai. In ɗaya ya ɗara ɗaya ko da kaurin gashi ne, mai takalmin zai ji ƙanƙara tana janye masa ƙafa. Na naɗe taburina a satin nan, na shekara sha ɗaya a shagon Walta.

Sababbin ƙarafa daga masana'anta suke zuwa, biyu-biyu a kwali, dama da hagu, mu ne muke ɗaura su a takalmi da ƙusoshi masu murɗi. A kowane kwali akwai 'yar takarda mai hatimi, wai wani a can ya duba ya ce lafiya lau. Walta bai yarda da takardar nan ba ko kaɗan. Ya ce wanda ya buga hatimin wataƙila yunwa yake ji lokacin. Yana da rula da yake jingina wa ƙarfen ya ɗaga su wajen fitila, in haske ya ratsa tsakani to akwai lanƙwasa. Yana da ɗan ma'auni na gwada kaifi biyun. Yana da madubin ƙara girma na duba inda aka haɗa ƙarfen da farantin da ke manne wa tafin takalmi, don a wurin nan walda ce kaɗai ke riƙe da nauyin mutum. Mun sha kama aibu. Wani a karkace, wani haƙoransa na gaba ba su daidaita ba, wani farin rufinsa na ɓarewa, duk sai a mayar. Ni kuma na ƙara nawa, zare da ƙusa. Na kafa maratayi biyu a saman teburina, in rataye na dama a damana, na hagu a haguna, in buga in saurara. Walta ya ce wannan kiɗan Jo ne, ya bar ni da abina tun da ba ya cin lokaci.

Rabi ta shiga wasan nan ta hanyar lakwal, wato makarantar boko. An kai ajinsu filin sau ɗaya, ta dawo gida ba ta da wata magana sai ƙanƙara. Ku biyu kun riga kun girma lokacin, kuna harkar gabanku, ba ku ga wuyar da yarinyar nan ta ci ba. Da asuba za ta hau jirgin ƙasa na D daga unguwarmu Konkos, jaka a baya, ta yi awa guda kan ƙanƙara kafin ta wuce aji. Gwiwoyinta kullum a kumbure. Uwarku ce ta ɗinka mata kayan wasa, dogon wando da riga mai dogon hannu da ɗan kallabi mai kama kai don kada ya tashi in tana juyi. Ni kuma nawa ƙarfe ne. In ta fito sai ta tsallako titi ta ajiye min takalman a kan tebur, ta ce da Turancinta na dama yana zamewa, ko na hagu yana kamawa da yawa. Ban taɓa wasa wa kowa ƙarfe yadda nake wasa nata ba. Daga yadda ƙarfen ke cinyewa na san komai nata, na san ranar da ta gaji, na san a kan ƙafar hagu take tashi in za ta yi tsalle. Shekara huɗu muna haka, kuma a ganina a lokacin babu uba da ɗiya da suka fi mu fahimtar juna.

Shekarar da ta cika sha huɗu abubuwa biyu suka zo tare, kuma har yau na kasa raba su. Na farko, malamarta ta wasan ta zaɓe ta ta je gasa a wata jiha, irin gasar da in yarinya ta yi abin kirki a cikinta ake fara sanin sunanta. Takalmanta sun matse ta, ƙarafan kuma na wasa su har na cinye taurinsu, ba sa riƙe kaifi kwana biyu. Ƙungiyar wasansu tana ba yarinya ɗaya kyautar sababbin kaya a shekara, kuma a shekarar nan Rabi aka ba. Takalman sun iso da wuri, ƙarafan kuwa daga ƙetare aka yi odarsu, muka yi ta jira. Na biyu, uwarku ta ɗauki bidiyon Rabi a waya ta tura wa ƙawarta ɗaya tak. Kun dai san WhatsApp. Kafin sati bidiyon ya zaga Harlem, ya je Maraɗi ya dawo. Ranar Juma'a mun fito masallaci a titin 116, Alhaji Mamman tela, wanda muka zo ƙasar nan jirgi ɗaya, ya kama hannuna bai saki ba.

"Maƙeri, na ga ɗiyarmu a waya, ƙafa ɗaya a sama tana juyi kamar mazari. Masha Allahu. Ta fa girma."

"Ta girma, Alhaji."

"A'a, ni ban ce komai ba. Na dai ce ta girma."

Na yi dariya, muka rabu lafiya. Amma a jirgi sai da na wuce tasharmu da tasha har biyu ban sani ba. Ban gaya wa uwarku ba, ban gaya wa Rabi ba. Na ce wa kaina ba Alhaji Mamman ke ciyar da gidana ba, mutumin da ko wuyan riga bai iya yankawa daidai ba shi zai koya min tarbiyya? Haka na yi ta ce wa kaina har na kai gida, kuma da safe na tashi da maganar.

Ƙarafan sun iso saura kwana goma gasa. Kwana goma kaɗan ne, don ƙafa sai ta saba da sabon ƙarfe, ba a fafe gora ranar tafiya. Kyawawa ne ƙwarai, ban taɓa riƙe irinsu da sunan ɗiyata ba. Walta ya yi nasa dube-duben, rula, fitila, madubi, ya ce ba su da makusa. Na rataye su yadda na saba. Na buga na dama, ya yi kuka dogo mai daɗi. Na buga na hagu, sai ya fara ya yanke. Na ce zaren ne, na canza zare. Na ce hayaniyar titi ce, na rufe ƙofa, na kashe inji. Na buga ya fi sau ashirin. Wani bugun in ji kamar daidai suke, wani bugun in ji na hagu ya gaza da numfashi guda. Na kira Walta, ya karkato kunne, ya ce shi duka biyun ƙarar cokali yake ji.

"Jo, wannan ba hauyar babanka ba ce. Ƙarfe uku ne aka haɗa aka yi wa rufi. Ba biyun da za su yi ƙara iri ɗaya."

"To a mayar da shi."

"In rubuta musu me? Ma'aikacina ya ce ba ya waƙa? Ko sun yarda, sai an yi wata biyu kafin wani ya zo. Ɗaura wa yarinya kayanta."

Ban ɗaura ba. Kwana uku ina kawo dalili, yau ƙusoshin ba su dace ba, gobe aiki ya yi yawa. In na rufe ido sai in ga ta tashi sama a kan ƙafar hagu, farantin ya rabu da ƙarfen, ƙeyarta ta bugi ƙanƙara. Wallahi ina ganin abin kamar a gabana yake faruwa. Sai in ce ruwa ba ya tsami banza, ƙarfe ba ya yanke kuka haka kawai. Amma da zarar na tsayar da zuciyata a nan, sai muryar Alhaji Mamman ta biyo baya, ta fa girma. Sai in tambayi kaina, Isuhu, kunnenka ne ya ji, ko zuciyarka ce ke neman ƙofar fita? In na ce kunne ne, sai in tuna yadda wani abu ya yi min sauƙi a ƙirji a bugun farko, kamar an sauke min kaya. In na ce zuciya ce, sai in sake bugawa in ji kukan ya yanke sarai. Na yi salla na roƙi Allah ya nuna min, na sallame na tashi da ruɗanin da na zauna da shi.

Rana ta biyu da yamma na gaya wa uwarku. Tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Malam, shekara nawa kana buga ƙarafan 'ya'yan mutane da ƙusar nan?"

"Da yawa."

"Duka kukansu ɗaya ne?"

Gaskiya ba ɗaya ba ne. Na sha jin biyu da suka ɗan bambanta, in ɗaga kafaɗa in ɗaura, yaran su tafi su yi ta tsallensu, kuma ban taɓa jin wani ya karye ba.

"Nawa ka hana fita?"

"Wannan ɗiyata ce."

"Na sani," ta ce. "Shi ya sa nake tambaya."

Ku dubi inda ta ajiye ni. In kunnena gaskiya yake faɗa, to shekara da shekaru ina sakin 'ya'yan mutane a kan ƙarfen da nake shakka, abin da kakanku zai mare ni a kansa ko da gemuna. In kuwa bambancin nan ba komai ba ne, to ɗiyata kaɗai na zaɓa na ƙirƙira wa cuta. Ko ta ina na juya ba ni da kyau. Na tashi na bar mata falon, na ce mace me ta sani game da ƙarfe, kuma na san ba amsa ba ce.

Rana ta uku Rabi ta shigo shago bayan aji. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, kun san halinta. Ta ce malamarta ta ce in ba ta hau sababbin nan gobe ba, zuwa gasar ba shi da amfani. Na tsayar da ita a wurina, na ce ta yi shiru, na buga mata ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar nan ta rufe ido ta saurara da gaske, ba don ta faranta min ba.

"Ban ji komai ba, Baba. Amma in kai ka ji, ka gyara mana. Ai kai maƙeri ne."

Ban iya gaya mata cewa wannan ba ya gyaruwa ba, in ka kai wuta wurin haɗin ka kashe taurin ƙarfen duka. Walta yana jinmu daga bayan kantar shagon. Da ta fita ya ce ya gaji da kiɗana, gobe da kansa zai ɗaura, kuma in ban so ba in tafi shan iska.

Washegari na riga shi zuwa, ina da mabuɗi. Allah shaida ne ba da niyyar karya komai na fito gida ba, so nake in saurara sau ɗaya cikin shiru kafin motoci su yi yawa. Na buga, gajere. Na sake, dogo. Na sake, ban ma san me na ji ba. Na yi tunanin in ɓoye shi, sai na tuna maganar kakanku a kan abin da aka ajiye gefe. Walta zai nemo shi, ya ɗaura, kafin azahar yana ƙafarta. Na sa shi a bakin abin matse ƙarfe na ɗaure tam, na ɗauki guduma, na yi bismilla. Bugu biyu na farko ko gezau bai yi ba, wannan ma ku rubuta shi a kaina. A na uku ya karye daga haɗin gaba. Na kai shi wajen fitila. Bakin karayar fari ne fes daga wannan gefe zuwa wancan, sai a kusurwa ɗaya akwai baƙin tabo kamar ƙwayar dawa, inda walda ba ta shiga ba. Abin da na fara ji shi ne murna, kuma ina jin kunyar faɗin haka. Na ce gani ya kori ji, na zauna ina jiran Walta kamar wanda ya ci shari'a.

Ya zo, ya ga gutsattsarin, bai yi faɗa ba, kuma rashin faɗan ne ya fara tsorata ni. Ya ɗauki madubinsa ya daɗe yana dubawa.

"Akwai rami. Walda ba ta cika ba a nan."

"To ka gani."

"Ban gani ba, Jo. In ka fasa duk na shagon nan, wataƙila ka sami irinsa a wasu, kuma yara na kansu suna tsalle shekara da shekaru. Wannan zai iya kai shekara goma, zai iya kai minti goma. Sau nawa ka buga kafin ya karye?"

"Uku."

Ya gyaɗa kai. Ya ciro na dama daga maratayi ya ajiye a gabana.

"Kana so ka sani? Ga ɗan'uwansa mai waƙa, shi ma yanzu ba shi da amfani. Fasa shi. In fari ne duka, kunnenka ya yi gaskiya. In akwai baƙi a ciki…"

Bai ƙarasa ba. Na ɗauki gudumar, na ji nauyinta, na mayar na ajiye. Tsoro na ji, ba wani abu ba. In na fasa na ga baƙi a mai dogon kukan, to ba ƙarfe na karya da safen nan ba.

Da Rabi ta zo na nuna mata tabon a tafin hannuna, ina ta bayani, ga shi nan, kin gani, Allah ne ya kiyaye. Ta dubi tabon, ba ta dube ni ba. Ta ɗauki tsofaffin takalmanta ta fita. Da su ta je gasar, ita da uwarku a bas, yatsunta a matse har suka yi jini. Ta faɗi sau biyu, ta zo kusa da ƙarshe. Ni ban je ba, na ce shago ba kowa. Da suka dawo ta rataye takalman a bayan ƙofar ɗakinta, ba ta sake taɓa su ba. Bayan wata ɗaya Walta ya samo mata wasu ƙarafan na hannu masu kyau, ta ce ta gode, karatu ya yi mata yawa. Masana'antar kuwa, da Walta ya aika musu gutsattsarin, suka dawo da su da wasiƙa mai ladabi, wai tun da guduma ce ta karya shi ba za su iya cewa komai ba. Alhaji Mamman ya sake kama hannuna wata Juma'a ya ce ya ji na yi abin da ya kamata, Allah ya saka. Na fizge hannuna, ban sake kai masa ɗinki ba, amma a'a ɗin da ya kamata in ce masa ban ce ba.

Ana nan, bayan shekara biyu, uwarku ta gaji da maimaita min magana ta kai ni asibiti. Likita ya sa min abin ji a kunne ya yi ta kunna ƙararraki. Ya ce injin washi ya cinye min kunnen hagu, musamman siraran sauti, kuma abin ya daɗe, ba yau ya fara ba. Ina zaune a kujerarsa na tuna maratayan nan biyu, na dama a damana, na hagu a haguna. Shin a kwana ukun nan na taɓa musanya su? Na ce na musanya mana, wane irin maƙeri ne ba zai musanya ba? Amma na kasa ganin hannuna yana yi. Ƙarafan 'ya'yan mutane da suka riƙa bambanta, shin kullum na hagu ne ke gazawa? Na nema a kaina ban samu ba. To amma tabon fa? Tabon na gan shi da idona, Walta ma ya gan shi. Kunnen da ya mutu zai iya nuna wurin da cuta take? Ko dace na yi? Kada ku tambaye ni, ni ma tambayar nake yi.

Da Walta ya tsufa ya rufe shagon, na ɗauko ƙarfen dama da gutsattsarin na hagu, na naɗe su a tsumma na sa a durowar hulunana. Sau da yawa na ciro shi in kuna waje, in kalle shi in mayar. Bara da ƙaramar Salla, bayan kun gama ci kuna falo kuna surutu, na kira Rabi ɗaki. Wataƙila kun zaci faɗa zan yi mata a kan aure. Na shimfiɗa tsumman a kan gado, na ajiye guduma a gefe.

"Naki ne," na ce. "Fasa shi mu huta, ni da ke. In baƙi ne, na cuce ki, ki faɗa a gaban kowa."

Ta ɗauki ƙarfen ta shafa kaifin da babban yatsa, yadda masu wasan ke yi. Sai ta yi min magana da Hausa. Kun san Rabi, tun tana ƙarama in ka yi mata Hausa Turanci take mayar maka, Hausarta ta gaida dangi a waya ce. Ranar ta tsinto kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ina jin don kada in ce ban gane ba.

"Baba, ni ban taɓa jin haushin ƙarfen ba. Na san tsoro ka ji."

Na ji daɗi, har na fara buɗe baki in gode wa Allah.

"Shekara huɗu ina wasa tsallaken titi da shagonka. Sau nawa ka shigo ka gan ni?"

Na so in ce shago, na so in ce Walta, na so in ce aiki. Titi ɗaya ne, mai tabur ya tsallaka shi saboda warin dutse. Ko sau ɗaya ban shiga ba. Kuma shekara huɗun nan duk kafin Alhaji Mamman ya buɗe baki ne, ba ni da wanda zan ɗora wa. Ta naɗe ƙarfen a tsummansa ta mayar durowa da kanta, ta ce in bar shi yadda yake, ta fita ta taya ku wanke kwanuka.

To Sani, to Hadiza, ga abin da ya faru. Ba zan ce muku kun yi gaskiya ba, ba zan ce kun yi ƙarya ba. Ko ƙarfen nan zai karye a ƙafarta, Allah kaɗai ya sani, kuma in na mutu kada wani ya kai masa guduma, na Rabi ne.

Da kuka watse ranar, na ce wa uwarku ta nemo min bidiyon nan da duk Harlem da Maraɗi suka gani. Ta daɗe tana nema a tsohuwar waya. Bai kai minti uku ba. A nan na fara ganin ɗiyata a kan ƙanƙara, cikin wandon da uwarta ta ɗinka, a kan kaifin da na wasa da hannuna. A kan ƙafar hagu take tashi, kamar yadda ƙarfen ya gaya min. Abin da bai gaya min ba shi ne, duk lokacin da ta sauko daidai, sai ta ɗaga kai ta dubi ƙofar shigowa, ta wajen titi. Sau uku ta yi tsalle, sau uku ta duba. Na tambayi uwarku me take nema a ƙofa. Wannan karon ba ta ja tsaki ba. Ta karɓi wayarta a hankali, ta ce in sha shayina ya huce.